Neman shawara: Kaka ta ce mutanen da sun fi mu tsawon rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata sakandare. Na karanta cewa wajen 1900 matsakaicin tsawon ran ɗan Adam a duniya bai wuce shekara 32 ba, yanzu kuma ya kai kusan 73. Da na faɗa a gida, kakata ta tuntsire da dariya, wai mahaifinta ya haura ɗari yana zuwa gona, mu 'yan taliya ne ke mutuwa da wuri. Na rasa bakin magana. Ya zan yi bayani ba tare da na ƙaryata tsohuwa ba?

Wata ungozoma: Wa alaikumus salam ɗana. Ku duka biyun kuna da gaskiya. Zauna da ita ka tambaye ta 'ya'ya nawa mahaifiyarta ta haifa, nawa suka rayu. A da kusan rabin yara ba sa kai shekara 15. Agana, ƙyanda, tarin shiƙa, gudawa, su ke kwashe su. Ai ba banza Bahaushe ya san wabi ba, har yana sa wa yaro Ajuji ko Allah Ya bar shi. Idan ɗaya ya rasu a goye, ɗaya ya kai 64, lissafi zai ce 32. Wanda ya tsallake yarinta kuwa yakan tsufa.

Wani ɗalibin tarihi: Haka ne Hajiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekara 62 zuwa 63 (1754 zuwa 1817), 'yarsa Nana Asma'u ta kai wajen 70. Amma batun ɗarin nan, a yi hattara. Ba takardar haihuwa a lokacin, da zuwan Turawa ko shekarar yunwa ake ƙiyasi, tsoho kuma da ya yi furfura sai a ƙara masa ashirin.

Wani likita: Rigakafi da ruwa mai tsabta ne suka sauya lissafin. Agana ma tun 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya. Mu a Najeriya har yau muna wajen 54, Japan na 84.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na tambaye ta jiya da dare. Su goma sha ɗaya aka haifa, huɗu suka girma. Ta jima shiru, sannan ta fara jero mini sunayensu.