Aikin gayya a wajenku: dattawa da matasa na haɗuwa kuwa?

Daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta ƙarato, mai unguwarmu ya sa an yi shelar yasar kwalbati ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, tunda dama ranar tsaftar muhalli ce. Wanda ya taɓa yin gayya tare da dattawa ya ba mu labari.

Daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Mu gyaran makabarta muke yi kafin ruwa ya sauka. Samari ke riƙe diga da shebur da baro, amma ba mai sara ƙasa sai wani dattijon unguwa ya iso. Akwai gefen da ruwa ya shafe kaburbura, ka rantse fili ne. Shi kuwa ya san layin, ya san waɗanda ke kwance a ciki, har ya nuna wa wani abokinmu kabarin kakansa da bai taɓa sani ba. Yanzu mun sa yaro ɗaya yana binsa da littafi yana rubutawa.

Daga Maraɗi:
Ku yara ba ku riski samariya ba, wato ƙungiyar samari ta nan Nijar. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 aka farfaɗo da ita, ko'ina da sarkin samari. Mu ke kwaɓa ƙasa da buga tubali, tsofaffin magina na duba gini, haka aka tada azuzuwa. Gwamnati ta ci moriyarmu wajen tarukanta, wannan gaskiya ne, amma a can na koyi riƙe cokalin gini.

Daga Gusau:
Allah ya ƙara girma Baba, amma a faɗi ɗaya gefen. A wajenmu manya inuwa suke samu su zauna suna ba da umarni, in baƙi sun zo duba aiki su ne a gaba. Shi ya sa bana rabin samarin suka ƙi fitowa.

Daga Daura:
Duk maganar maza kuke yi. Mu gayyarmu sussukar gero ce, a nan na koyi lugude da waƙoƙin daka a wajen Inna da ƙawayenta. Zuwan inji ya rage wannan sosai. Yanzu a Islamiyyar dare muke haɗuwa, su gyara mana karatu, mu nuna musu yadda ake tura saƙon murya a WhatsApp.

Daga Kano:
Na gode. Ɗan uwa na Zariya, littafin nan a hannun wa yake kwana, liman ko mai unguwa?