Musayar Waƙa Kan Yaƙin Wintafel

Bagobirin Bukoki:
Salamu alaikum 'yan fada. Shirin talabijin na Game of Thrones, zango na 8, kashi na 3, na shekarar 2019, inda masu rai suka kare birnin Wintafel daga rundunar matattu ta Sarkin Dare. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Ina wanda ya tsara yaƙin Wintafel?
Ya zo ya gaya mana amfanin ganuwa.
Kana da birni mai bango da ƙofofi,
Ka fid da dakaru fili kamar 'yan kokowa.
Gwalalo a bayansu, ba a gabansu ba,
In an koro su, ina hanyar tserewa?
Majaujawar duwatsu an kai ta sahun gaba,
Jifa kaɗan aka bar ta, ba waiwayawa.
Baraden Dotaraki, takubba na cin wuta,
Suka kutsa duhu, ba ɗan leƙe, ba dubawa.
Muna gani wutar na mutuwa ɗaya-ɗaya,
Sai tsirarun dawaki ne ke dawowa.

Bazabarmen Harobanda:
Bawana Bagobiri, sannu da ƙoƙari,
Ashe kai ma kana da bakin zancen doki.
A Tabkin Kwatto, shekarar 1804,
Yunfa Sarkin Gobir ya zo da lifidi da kayan yaƙi.
'Yan bakan Shehu Ɗan Fodiyo a ƙasa suka tsaya daram,
Kakanninka suka bar fage, abin mamaki.
To saurara, taubashi, in karanta maka:
Ganuwa kan mai rai take yin aiki.
Matacce ba ya yunwa, ba ya gajiya,
Kan ɗan'uwansa yake hawa ya faɗo ciki.
Naka in ya faɗi, ya tashi ya zama nasu,
Jira bayan bango ƙara musu ne, ba sauƙi.
Shi ya sa aka ajiye Bran, wanda maƙiyi ke nema, gindin itace,
Tarko ne, don a jawo Sarkin Dare, a kashe sarki.

Hajiyar Wadata:
Ku bar dawakin nan haka, 'ya'yana,
Ni abin da ya tsaya mini shi ne yara.
Maƙiyi mai tada matattu, kowa ya sani,
Sai a kai mata su ɓuya cikin kaburbura?
Jon ya ga aikinsa da ido a yaƙin Hadhom,
Ya zauna a taro bai kawo ko shawara.
Tiriyon da ake kira mai wayon duniya,
Yana cikin ramin, ina dabara?
Ko ni da ban taɓa riƙe mashi ba,
Da an tambaye ni, wallahi da na gyara.

Ɗan Tawa a Lazare:
Hajiya, ku kun ma ga abin faɗa,
Ni duhu kaɗai na iya gani.
Dare 55 aka ce sun yi suna ɗauka,
Na buga tele, na ce ita ke cuta ta ni.

Bagobirin Bukoki:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin gama magana. Saura wancan.

Bazabarme, ka karanta rabin tarihi,
Je ka tambayi yadda Gobir ta rama a yaƙin Tsuntsuwa.
In Bran ne tarkon, na yarda da kai,
To don me aka ba da barade sadaka tun farawa?
Wanda ke tsoron ƙara wa maƙiyi runduna,
Shi zai aika masa dubbai ba tambayawa?
Arya ta ratsa matattu da dogarai,
Ba wanda ya ji ta sai kan Sarkin Dare tana dirowa.
Kuma Dotarakin da muka yi wa ta'aziyya,
Daga baya a birnin Kins Landin ga su birjik suna sukuwa!

Bazabarmen Harobanda:
Na bar maka Dotaraki, bawana,
Arya kam an koya mata sanɗa a Barabos, riƙe baki.
Ga wadda za ka kwana kanta:
A kashi na 4, jiragen Yuron sun harbo dodon wuta daga ruwa, cikin sauƙi,
Kashi na gaba, baka birjik a bango da jirage,
Ko ɗaya bai sami Dorogon, dodon da ya rage, ba. Wa ya ɓata aiki?

Hajiyar Wadata:
Wannan ku bar mini ita. Amsa-amona "na" ne, kada wanda ya riga ni.