Na biya kafin alƙalami na sabuwar mota, yanzu mai sayarwar ya daina ɗaga wayata

Abban_Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa sayen mota sabuwa a hannun dila ku ba ni shawara, abin nan ya fara hana ni barci. Shekara da shekaru ina hawa ta hannu, wannan karon na ce bari in daure in sayi sabuwa dal ko na huta da zaryar gareji. Ranar da na fara shiga shorum ɗin wallahi kamar su goya ni, wani matashi mai fara'a ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa, ya buɗe min mota ya ce in zauna in ji kujera, ya kunna esi, ya nuna min kyamarar baya, muka fita na ɗana ta kusan minti 20. Kwana uku a jere shi ke kirana, yallaɓai ya gida ya iyali. Na ce mai ruwan toka nake so, ya ce babu ita a ƙasa amma tana hanya, sati 2 ta iso, kuma zai haɗa min da kafet ɗin ƙasa da sabis na farko kyauta. Na biya kafin alƙalami aka ba ni rasit.

Yau sati 5 kenan. In na kira sai ta yi ta ringin ba ya ɗagawa, in na tura saƙo sai ya gani ya yi shiru, jiya da na je da ƙafata na zauna fiye da awa ɗaya ina kallonsa ta gilashi yana wa wasu sababbin baƙi irin fara'ar da ya yi min. Da ya fito sai ce min ya yi mai ruwan tokar ta ɗan samu tsaiko amma ga fara nan a ƙasa in ina so yau ma sai in tafi da ita. Na ce maganar kafet da sabis fa, ya ce sai ya tambayi manaja. Ni ba kafet ɗin ne ya dame ni ba, yadda aka juya min baya da kuɗina ya shiga hannunsu shi ne ya tsaya min a rai. To haka ake yi ko ni ne na faɗa hannun da ba daidai ba? In karɓi farar ko in ce a dawo min da kuɗina? Kuma in na karɓa me zan duba?

Tsohon_Dillali:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na yi shekara 6 ina wannan aikin kafin in bari, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, ba don in wanke yaron ba, abin da ya yi maka bai kyauta ba.

Yawancin masu sayarwa albashinsu ɗan kaɗan ne, kamasho ne abincinsu, kuma ana ɗora musu adadin motocin da za su fitar kowane wata. Kamashon nan ba ya faɗowa sai mota ta fita daga ƙofa. Kai ka riga ka biya, motarka ba ta iso ba, to a lissafinsa babu abin da zai ƙaru da shi in ya zauna da kai yau, wancan baƙon da ka hango ta gilashi shi ne zai cika masa lissafin wata. Sannan farar da yake tura maka, ka sani dila da yawa da bashi suke ɗauko motocin da ke ƙasa, duk ranar da mota ta kwana a shorum kuɗin ruwa na hawa kanta, shi ya sa manaja kullum yake matsa mana mu fitar da wadda ke ƙasa kafin wadda ke hanya. Ba wai farar tana da matsala ba ne dole, amma amfaninsu ne ka ɗauke ta, ba lallai naka ba.

Abin da za ka yi, ka daina bin yaron. Ka nemi manajan sashen sayarwa, ka ce a ba ka lambar shasi ta motar da aka ce taka ce. Duk motar da ta fito daga masana'anta tana da wannan lambar mai haruffa da lambobi 17, ko tana cikin jirgin ruwa tana da ita kuma dila na iya ganinta a kwamfutarsa. In suka ba ka, motar gaskiya ce, jira ne kawai. In suka fara kame-kame to cinikin biri a sama aka yi da kai, babu wata mota da aka ware da sunanka, an dai karɓi kuɗin ne don kar ka tafi wani waje.

Sai ka ɗauko rasit ɗinka ka karanta da kyau. An rubuta kala? An rubuta ranar kawowa? An rubuta ko ana mayar da kuɗin in suka saɓa? An rubuta kafet da sabis? Ina zargin babu ko ɗaya, don da baki muke yin irin waɗannan alƙawuran, ni ma na yi kuma ba na alfahari da shi. Duk abin da manaja ya yarda da shi yanzu ka sa ya rubuta ya sa hannu, ko ya turo maka ta imel.

Abban_Biyu:

Yaya, na duba rasit ɗin, wallahi kamar kana wajen. Sunan motar da samfurin shekara da adadin kuɗi kawai aka rubuta. Babu kala, babu rana.

Ummu_Hanan:

Malam Allah ya ba ka haƙuri, na san zafin abin. Ni tawa matsalar tun kafin in biya ta fara. Na je da ƙanina don ya raka ni, ni ce mai sayen, ni na yi wata biyu ina karanta bambancin injin da injin, amma duk tambayar da na yi sai mai sayarwar ya juya ya ba ƙanina amsa. Na tambayi yawan man da take sha ya ce Hajiya ga madubin kwalliya nan har da fitila. Na ce masa ba shi na tambaya ba, na ɗauki jakata muka fita. A waje na biyu wata baiwar Allah na samu, ta zauna da ni ta buɗe littafin garanti shafi-shafi, har ta ce min kar in ɗauki mai tsadar tunda a gari zan riƙa yawo abubuwan da aka ƙara mata ba zan more su ba. A nan na saya, kuma mutum uku na tura mata daga baya.

Abin da nake so ka kula da shi shi ne ɗakin ƙarshe, inda ake sa hannu a takardu. Nan ne ake fito da ƙarin garanti, da maganin kare fenti, da inshora ta wajensu, da na'urar bin sawun mota, a jera maka su da sauri kamar dole ne. Ni sai da na ga jimillar ta haura abin da muka yi magana na ce a bi min layi-layi, sai ga abu biyu an saka ban nema ba. Ba su yi musu ba suka cire. In kuma biya kaɗan-kaɗan za ka yi kar ka yarda a tsaya kan nawa za ka riƙa biya a wata, ka ce a faɗa maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, don ana iya rage na wata a ja shekarun ka ƙare ka biya fiye da yadda ka zata. Ka ce za ka tafi da takardun gida ka karanta. Wanda ya ce sai yau ko farashin ya tashi, ni dai ban yarda da shi ba.

Mai_Sifana:

Oga ni bakanike ne, maganar ciniki na bar wa masu ita, amma ranar karɓa ka saurare ni. Sabuwa ba ta nufin ba ta da tabo. Mota tana hawa jirgi tana hawa tirela tana zama a fili wata da watanni, ana gogarta a gyara a fesa ba a faɗa maka ba. Kar ka sa hannu a takardar karɓa sai ka gama dubawa, don da zarar ka fita da ita duk ƙarcen da ka gani za a ce kai ka yi.

Ka sa a fito da ita waje cikin hasken rana, fitilun shorum suna ɓoye abubuwa. Ka tsuguna ta gefe ka kalli bodin a karkace, in wata ƙofa fentinta ya ɗan bambanta ko yana da ƙuraje-ƙuraje to an taɓa ta. Ka bi tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi da yatsa, ya kamata hagu da dama su zo ɗaya. Lambar shasin nan da Yaya ya faɗa tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka gwada ta da ta takarda harafi-harafi, kuma babu I ko O ko Q a cikinta, in ka ga an rubuta O a takarda to sifili ne aka yi kuskure, a gyara tun a nan kafin ya zame maka wahala wajen rajista. Ka buɗe ƙofar direba, motoci da yawa suna da sitika a nan mai wata da shekarar da aka ƙera ta. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta bayan inda aka rubuta DOT, misali 2324 yana nufin sati na 23 na shekarar 2024. Da wannan za ka gane ko farar nan ta daɗe a ajiye, in ta daɗe ka ce a gwada batir a gabanka.

Ka dubi mita. Kilomita kaɗan ba komai ba ne, amma in ka ga ɗaruruwa ka tambaya ko ita ce ake ba mutane su ɗana, don in an riga an yi mata rajista garantinta ya fara tafiya tun kafin ka zo, dole a rage maka kuɗi. Iskar taya ma ka sa a auna, daga masana'anta ana cika ta fiye da ƙima saboda zaman ajiya, ya kamata su sauke ta a duban da suke yi kafin miƙawa, na sha ganin sabuwar mota ta zo min mai ita yana kukan tana tsalle ashe ba a sauke ba. Safaya da jak da sifanar taya da makulli na biyu, duk ka gani da idonka.

Garanti kuma na kamfanin da ya ƙera ne, ba alfarmar dila ba ce. Toyota a ƙasashe da yawa shekara 3 ko kilomita 100,000 ne duk wanda ya riga zuwa, Kia a Turai shekara 7 ko kilomita 150,000, ya danganta da inda kake, littafin da ke cikin motar shi zai faɗa maka. In sun ce maka in ka canza baƙin mai a waje garanti ya mutu, ka ce su nuna maka a rubuce. A Amurka tun 1975 akwai dokar da ta hana ɗaure garanti da cewa sai a wajensu za ka yi sabis, a Tarayyar Turai ma an yarda ka je gareji mai zaman kansa in an bi ƙa'idar kamfani, wasu wuraren kuma sharaɗin yana nan daram, shi ya sa na ce ka karanta. Ko ina ka yi dai ka ajiye rasit.

Direban_Dare:

Ni ina da ɗan bambancin ra'ayi. Jinkirin ba lallai laifin yaron ba ne, dila ba shi ke juya masana'anta ba, ku tuna 2021 da 2022 lokacin ƙarancin ƙananan na'urorin lantarkin mota, mutane sun yi wata shida har fiye suna jira. Laifinsa shi ne shirun, da ya ɗaga waya ya ce yallaɓai ban da labari tukuna da ba a kai nan ba. Amma kar ka je da faɗa Malam, wajen nan za ka riƙa dawowa shekaru. Lokacin da aka nemi a dawo da motoci saboda matsalar jakar iskar kariya ta kamfanin Takata, jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, a wajen dila aka riƙa canza jakunkunan kyauta, wanda bayanansa ke daidai a wajensu shi saƙo ya fi saurin samu. Ka leƙa sashen sabis ɗinsu tun yanzu ka ga yadda suke yi da masu jiran gyara, da su za ka zauna ba da mai sayarwa ba.

Tsohon_Dillali:

Gaskiya ne Direba, ba faɗa na ce ba. Amma akwai abu ɗaya da na manta. Kamfanoni da yawa suna turo wa mai saye tambayoyi bayan ya karɓi mota, yaya aka yi da kai, ka ba da maki. Makin nan yana taɓa garaɓasar da kamfani ke ba dila, shi ya sa za ka ji ana roƙonka ka ba da cikakke. Cikin ladabi ka ce wa manaja kana so ka samu abin kirki da za ka rubuta in tambayoyin sun zo, kuma kana da lambar ofishin kula da kwastoma na kamfanin. Zai gane.

Abban_Biyu:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Na je yau da safe na ce manaja nake nema, ban ɗaga murya ba, na ajiye rasit a tebur na ce lambar shasi nake so. Ya yi ta danne-danne a kwamfuta can ya ce gaskiya mai ruwan tokar da suka yi tsammani an karkatar da ita wani reshe, amma akwai wata da aka ware musu, ya rubuta min lambarta. Na sa ya ƙara kala da ranar kawowa, nan da kwana 12, da cewa in ta wuce za a mayar min da kuɗina cif, da kafet da sabis ɗin, ya sa hannu ya buga hatimi. Ya kira yaron ya ba ni haƙuri a gabansa, na ce ya wuce. Farar na ce a bar ta, na duba tayarta kamar yadda Mai_Sifana ya ce, ta fi shekara. Hajiya maganar ɗakin ƙarshe na riƙe ta, na ce a turo min jimillar kuɗin layi-layi ta imel kafin ranar.

Mai_Sifana:

Madalla oga. Ranar ka je da safe kar ka bari sai yamma suna shirin tashi. In ka tarar sun wanke ta tana jiƙe ka ce a goge ta ta bushe tukuna, ruwa yana rufe ƙarce. Ka tafi da tocila saboda ƙarƙashin bamba.