Shawarwarin da aka bayar kan tuna dattijon da ya yi wa jama'a hidima

Da aka nemi shawara kan yadda za a adana tarihin irin wannan dattijo, yawancin waɗanda suka amsa dai sun ce kar a tsaya lissafo muƙamai kawai, wai ya riƙe kaza ya riƙe kaza, wannan ko a fayil ɗin ofis akwai shi. A nemi abokan aikinsa tun suna raye, har masinja da direba, a ɗauki muryarsu a waya, su ne suka san halinsa ranar da albashi ya makara. Wata ta ce a fara da matarsa, ita ta sha jiran dawowarsa da dare, kuma gaskiyarta wallahi. Takardar ɗaukar aiki da ta ritaya a yi musu hoto, a rubuta sunaye a bayan tsofaffin hotuna kafin masu gane fuskokin su ƙare.