Me za mu kira pitch na farfelar jirgin ruwa da Hausa?

Mai tambaya:
Salam jama'a. Ina haɗa ɗan bayani ne da Hausa saboda yaranmu masu koyon gyaran injin jirgin ruwa a Legas, irin mai dizal ɗin nan da injin ke zaune a cikin jirgi ba wanda ake ratayawa a baya ba, to na zo kan maganar daidaita giya da farfela sai kalma ɗaya ta tsaya min, wato pitch. In ka duba cibiyar farfela za ka ga an buga lamba kamar 18x12, ta farko faɗinta ne inci 18 wannan ba rigima, ta biyun nan 12 ita ce na rasa sunanta. A wurin aiki fici kawai muke cewa amma in na rubuta fici yaron da bai taɓa ji ba me zai gane?

Ɗan Yawuri:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina karkata ce, ai in ka ɗauki farfela ka kalla ta gefe kunnuwan a karkace suke, wata ta fi wata karkata shi kenan. Mu a nan mai ratayawa muka fi sani amma ai farfela duk farfela ce.

Injiniya:
Ɗan'uwa ka kusa amma karkata za ta ɓatar da yaro. Karkata da digiri ake auna ta, wannan kuwa da inci. Kuma ka ƙara duba kunne ɗaya da kyau, kusa da cibiya ya fi miƙewa, yana zuwa baki yana kwantawa, to wace karkatar za ka ce ita ce 12? Abin da lambar ke nufi shi ne nisan da farfela za ta ci gaba in ta yi juyi ɗaya cif da a ce ruwa bai gocewa, kamar yadda kusa mai murɗi ke shiga katako. Tafiya ake aunawa, ba siffar kunnen ba.

Ɗan Yawuri:
To a sa murɗi mana tunda kai ma ka faɗa da bakinka

Injiniya:
Murɗi ma siffa ce ai, kuma makanike in ya ji an ce farfela ta yi murɗi zai ɗauka ta daki dutse ta lanƙwashe ne.

Malamar Hausa:
Ku yi haƙuri na shigo muku harkar da ba tawa ba. Injiniya in na gane bayaninka, juyi ɗaya nisa kaza, ai wannan taku ne. Takun farfela. Mai dogon taku da mai gajeren taku, a ƙara mata taku a rage mata taku, duk ya shiga baki ba tare da an tilasta ba. Abu ɗaya dai, tunda mutanenmu suna auna fili da taku kada a rubuta taku 12 haka tsirara, a riƙa cewa taku inci 12.

Injiniya:
Malama wlh kin gama magana, bari ma in gwada shi a lissafi mu ga ko zai ɗauka. Inji yana juyi 2400 a minti, giya 2 da 1, kenan sandar farfela tana juyi 1200. Taku inci 12 ƙafa ɗaya kenan, ƙafa 1200 a minti, wajen kilomita 22 a awa a takarda. A ruwa ba za ka samu haka ba don ruwa yana gocewa, in aka ce kashi 40 cikin 100 ya tafi a jirgi mai nauyi sai ka dawo wajen 13. Yanzu cire giyar nan ka sa 3 da 1 ka bar farfelar yadda take, sanda ta koma 800, inji zai ta ihu ya kai ƙarshen juyinsa ba wahala amma jirgi na jan ciki, dole ka nemo mai taku inci 18 kafin ka dawo lissafin farko, kuma yawanci da ƙarin faɗi. Kalmar taku ta zauna daram.

Baba makanike:
Yara kuna ta lissafi, ni abin da nake so ya shiga takardar nan shi ne jirgi ba shi da giya lamba ɗaya lamba biyu da za ka canza kamar mota, gaba ne da baya da furi, saboda haka abin da ka ɗaura shi za ka zauna da shi. In taku ko faɗi ya yi wa inji yawa za ka tura maƙura amma ya kasa kai juyin da kamfani ya rubuta a jikinsa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan jirgi, zafi ya hau, mai jirgi ya zo yana cewa a buɗe fanfon mai da nozul alhali lafiyarsu ƙalau. Kuma ku gwada da lodi a ciki, jirgi fanko ƙarya yake yi maka. Jirgin kaya babbar farfela mai juyi a hankali yake so, sai dai ba ko yaushe wurin ke ɗauka ba, sai ka bar tazara tsakanin bakin kunne da cikin jirgi kamar kashi 10 zuwa 15 na faɗinta in ba haka ba jijjiga ta hana kowa zama. Sannan a duba RH ne, wato mai juyin dama, ko LH, mai juyin hagu, aka buga a farfelar, na ga wanda ya ɗaura ta hagu a giyar dama ya sa gaba jirgi ya yi baya.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Baba, duk zan sa. Na ɗauki taku. Shi kuma 2 da 1, 3 da 1 ɗin na rubuta ragin juyi, sai gocewar ruwan nan da Injiniya ya ambata, santsi zan ce ko zamiya?

Malamar Hausa:
Zamiya. Santsi a jikin wuri yake, zamiya kuwa ita ce abin da ya sami mai takun.

Baba makanike:
Sa zamiya, ka turo min takardar in ba yarana su karanta, wanda ya yi tuntuɓe a wata kalma zan faɗa maka.