Laya a Hannun Raggo

Auta Mai Tatsuniya:
Assalamu alaikum. Tatsuniyar da nake rubutawa ta cije. Ga matsalar a waƙe, a taimaka a amsa a waƙe, amsa-amonmu "ya".

Ina da yaro a tatsuniya,
Ramamme, raggo, kuma maraya.
Kare ya yi haushi, ya ruga ɓuya,
Ba ya iya kokawa da akuya.
Ran nan ya je ɗiban ruwa rijiya,
Guga ya fito masa da wata laya.
To, manya, ga ni da tambaya:
Ƙarfin layar nan, ina zai tsaya?

Na Bakin Kasuwa:
Auta, sakar masa, kar ka ji kunya,
Wa ke awon ƙarfi a tatsuniya?
Ya murza ta, Dodo ya koma tunkiya,
Ya daki dutse, ya ba shi hanya.
Kafin azahar ya auri sarauniya,
Masu yi masa gori su sha wuya.
Mun gaji da talauci a duniya,
Bar mu mu huta ko a cikin ƙarya.

Goggon Yara:
Kai ɗan nan, da ganinka ba ka yi hirar dare a ɗakin kaka ba. Kuma tun kafin wani ya taso mini da wa'azi, zancen tatsuniya muke, ba tallar boka ba.

Ɗana, gishirinka ya ɓata miya,
Kowace laya aikinta ɗaya.
Layar zana ba ta wuce ɓuya,
Kau-da-bara ke karkata kibiya,
Sagau ya sandare hannun maƙiya,
Baduhu ya makanta mai bin baya.
Ɗan tauri ya tari wuƙa da dariya,
A ɗauko gora, ka ga ya juya.
Kuma kowacce da sharaɗi a wuya,
Ran da ka saɓa, ka rataya ƙarya.
In ka ba shi duka tun a farkon tafiya,
Yara su yi barci, wa zai ji ta baya?

Ɗan Kusugu:
Goggo, a gafarce ni, in ƙara ɗaya,
Mu a Daura muna da rijiya.
Maciji Sarki ya tare hanya,
Ruwa sai Juma'a, a mako sau ɗaya.
Bayajidda ya zo da wuƙar maƙeran Gaya,
Ayana ta ba shi guga da igiya.
Ya sare kan, ya auri Daurama sarauniya.
Ku miƙa wa raggo wuƙar nan ɗaya,
Ya ji huci, ya yar, ya arce baya.

Na Bakin Kasuwa:
Yaya, ka kauce, ka bar tambaya,
Ɗan sarkin Bagadaza ai ba maraya.
Mai doki da takobi ka jawo mana,
Mu raggo muke nema wa kariya.

Ɗan Kusugu:
Na karɓa. Amma "mana" ba ta cikin amsa-amo, ka biya tara.

Goggon Yara:
In raggo kuke so, Gizo ya iya,
Ƙafa kamar tsinken tsintsiya.
Ku ba shi layar zana rana ɗaya,
Ba zai nemi Dodo ba, sai tukunya.
Ya shige gidan sarki, ya buɗe ƙwarya,
Ya cinye tuwo, ya suɗe miya.
Dogarai na ta dube-dube a farfajiya,
Sai santi ya kwashe shi, ya yi "Shaiki, lafiya?"
Jiki ya ɓace, tsamin baki ya tsaya,
Ƙoƙi ce za ta zo ta biya.

Auta Mai Tatsuniya:
Goggo, Allah ya ƙara girma, kin warware mini. Ga yadda na yanke:

Layar zana ce, ba ƙari ko ɗaya,
Tana aiki in ya riƙe numfashi a wuya.
Ya saki, ya bayyana a tsakar hanya,
Kare kuwa na jin warinsa tun daga baya.
Sawunsa na nan a kan rairayi da ƙaya,
Ga Dodo ya sace masa ƙanwa jiya.
Daga bakin kogo zuwa gindin tsamiya
Taku 40 ne, shi 20 ya iya.

Sauran 20 ɗin nan su ne tatsuniyar. Yau da dare zan zauna a kansu.

Na Bakin Kasuwa:
Kun hana shi dutse, kun hana shi sarauniya,
Don Allah ko sau ɗaya ya kayar da akuya.