Don Allah masu sanin aikin fayil na soja ku shigo: ya ake haɗa bayanan tantance hafsoshi?

Sadiq_Garki:
Assalamu alaikum jama'a. Ni farar hula ne, kwamfuta na karanta, ina aiki a wani ofishi nan Abuja, to an ɗora min haɗa bayanan hafsoshin da za a tantance don ba su jagoranci, wato rahoton shekara da ogansu ya rubuta, sakamakon jarrabawar ƙarin girma, kwasa-kwasan da suka je da gwajin ƙarfin jiki. Kowanne da kalar da yake zuwa, wani a Excel, wani hoton takarda, wani da biro aka cike. Mutum ɗaya sai ka gan shi Muhammad a nan, Mohammed a can. Wasu kuma akwai shekarar da babu rahoto sam. Niyyata in tara makin kowa in fitar da matsakaici in jera su daga na ɗaya har ƙasa. Hakan ya yi?

Baba_Rukuba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka jera kowa. Wannan aikin kwamitin tantancewa ne, naka shi ne ka kai musu bayani cikakke mai tsafta. Na daɗe ina ɗawainiya da irin fayilolin nan kafin in yi ritaya in zauna a Jos, kuma abin da zan gaya maka shi ne makin rahoton shekara ba mudu ɗaya aka auna shi da shi ba. Akwai kwamandan da duk yaransa sai ya cika musu maki, akwai wanda ko kwana kake a bakin aiki ba zai wuce "ya yi daidai" ba, to in ka haɗa su ka raba ka cuci wanda Allah Ya haɗa shi da oga mai tsauri. Shi ya sa kusa da kowane maki ka sa wanda ya ba da shi da tsawon zaman da suka yi tare. Kuma kar ka yar da 'yan layukan nan da oga ke rubutawa da hannunsa kan halin mutum, manya sun fi tsayawa a nan.

Shekarar da babu rahoto kuwa, ba lalle laifinsa ba ne. Ƙila yana kwas a kwalejin horar da hafsoshi ta Jaji ko Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a can Abujar taku, ko cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da ke Kuru kusa da mu, ka nemi rahoton kwas ɗin. Ƙila an sauya masa wurin aiki a tsakiyar shekara. Ka rubuta wa rundunarsa ta hanyar ofis, in bai zo ba ka bar gurbin ka rubuta dalili. Kar ka sa sifili, kar ka cike da ka.

Maman_Ilham:
Ƙanina ka manta da suna, da lambar soja za ka haɗa komai, ita ce ba a maimaitawa. Ka ajiye asalin abin da aka aiko maka yadda yake, a kwafi za ka yi gyara, kuma kowane layi ya nuna daga ina ya fito, yaushe, wa ya shigar. Abin da aka kwafo daga takarda mutum na biyu ya sake dubawa, 68 ta koma 86 ba wuya. Sannan don Allah ban da turawa ta WhatsApp ko tafiya da filashi gida. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsananin kariya, ga dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram.

Nura_Kubwa:
Sojan ƙasa na Amurka a 2020 suka fara wani tsari a sansanin soja na Fort Knox na zaɓen kwamandojin bataliya, ba fayil kaɗai ba, har da gwajin rubutu, na tunani, da jin ra'ayin abokan aiki da na ƙasa da mutum, a wajen intabiyu ma a lokacin labule ake sawa kwamiti ba sa ganin fuskarsa. A shekarar suka cire hoto daga fayil ɗin ƙarin girma. Ni dai da za a ji tawa a ɓoye suna da jiha a kwafin da za a kai wa kwamiti.

Baba_Rukuba:
Malam Nura ɓoye suna yana da kyau, amma ba Sadiq ne zai yanke wannan ba, sai an ba shi umarni a rubuce. Jiha kuma ba a goge ta daga rumbun bayanan, sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya ce hafsoshi su fito daga ko'ina a ƙasar nan, dole wata rana a tambaye shi alƙaluman.

Sadiq_Garki:
Na gode Baba, na gode Anti, Allah Ya saka. Na fasa jerawar. Gobe zan kai wa oga sunayen masu giɓin shekara ya sa hannu a aika wa rundunoninsu. Saura ɗaya, in makin takarda da na Excel suka saɓa wanne zan ɗauka?

Maman_Ilham:
Na takardar da ke da sa hannu da hatimi, amma ka rubuta duka biyun ka nuna wa oga kafin ka gyara.